Ƙofar da Na Huda a Katangar Wuta

Tun jihar Kebbi na da ƙuruciya, ɗiyata ta fari, wadda ke koyarwa a Aliero, ta shigo mana gida nan Jega da kwamfuta da wani ɗan akwati mai ƙyafta koren ido. Ta ce akwatin ke jawo saƙo daga nesa, kuma sai kwamfutar ta sha sabbin abubuwa kafin ta yi mata aikin makaranta.

Kwana uku wani ɗan zare mai nuna shigowar saƙon na rarrafe a fuskar gilashin kwamfutar, ya tsaya, ya koma farko. Ta daina cin abincin kirki. Rana ta huɗu na ji tana waya da abokin aikinta na Maiyama, tana cewa, "Katangar wuta ta tare shi. Sai an buɗe ƙofa."

Katangar wuta ɗaya na sani a gidanga: bangon madafa da hayaƙi ya baƙanta, wanda ke manne da ɗakinta. Marigayi maigidana ya gina shi shekarar da munka taso daga Fagada. Shi ke kwaɓa ƙasa, ni ke ɗebo ruwa. Sawun yatsunsa na nan saman murhu, ina tuƙa tuwo ina kallon su.

Da ta tafi aiki na zauna gaban bangon har hantsi, sannan na sa anka kira magini.

Ya ce, "Inna, ƙofa a nan? Wa za shi bi, zakara?"

Na ce, "Saƙo za shi bi. Huda, amma ka kauce ma yatsun nan."

Ya huda kamar faɗin faifai. Kowane sara a ƙirjina na ji shi.

Da la'asar ta dawo ta tsaya cik. "Inna, mi anka yi nan?"

"Ƙofar da kika ce. Na buɗe miki."

Ta dubi ramin, ta dube ni, ta zauna bisa turmi tana dariya, har dariyar ta zama kuka.

"Inna, katangar na cikin akwatin. Kamar maigadi take, tana hana baƙon saƙo shiga. Da yatsa ake buɗe ta."

Ta shiga ta yi 'yan danne-danne yadda abokin aikinta ya kwatanta mata. Kafin magariba zaren ya kai ƙarshe.

Ta ce gobe magini ya dawo ya toshe. Na hana. Ubanta bai rayu ya gan ta da alli a hannu ba. Wannan guntun ƙasa shi ne abin da ya samu ya ba aikinta.