Ranar Da Anka Sa Na Kira Sunan Ɗan Farina

Ban yi boko ba. Ina faɗi, Hajara ƙanwar marigayi maigidana tana rubutawa, don matan Illela da ke ta tambayata mi ya kai ni Sakkwato.

Yaron nan, ɗan farina, ya gama shekara biyu a wata kwaleji can, jami'a ta ba shi gurbin karatun fiziks. Ya ce akwai na'ura cike da ɗaki, kwamfuta, ana ba ta kati mai huji ta lissafa yadda zafi ke ratsa bango. Ban gane ba, amma na ga idonsa in yana faɗi. Sai kwalejin ta riƙe takardar sakamakonsa, wai baƙo ne, ga jami'a za ta rufe karɓa ranar Jumma'a. Uba ya rasu, baffansa na Ƙonni, iyakar Nijar a rufe. Dole na ɗauki mayafi.

LARABA: ILLELA ZUWA SAKKWATO

Ƙarfe shida saura kwata, bayan asuba, munka shiga fijo a tasha, naira uku kowa. Shi gaba, ni baya, don ban taɓa zama kafaɗa da kafaɗa da shi ba. Tafiyar mil hamsin da 'yan kai, shinge bakwai na ƙirga. Kafin Gwadabawa wani mai kaki ya kwance ƙullina, ya ga kuka da daddawa.

"Inna, ba sefa ciki?"

"In ka gani mu raba."

Direba ya ce, "Inna, rufa mana asiri mu wuce."

Tara da rabi munka iso. Akawun kwalejin ya tafi ɗaurin aure, wai sai gobe. Munka sauka gidan wata 'yar garinmu. Tuwon shinkafarta ya yi ruwa, na ci haka nan.

ALHAMIS: OFIS

Ƙarfe takwas muna bakin ƙofa. Sha ɗaya akawu ya kira mu, ɗan saurayi mai agogo, ko sannu bai ce mini ba. Ya nuna takarda da biro.

"Nan an rubuta an haife shi Ƙonni. Ƙonni Nijar ce."

Ni na jawo wannan. Ranar da anka sa yaron firamare malam ya tambaye ni inda anka haife shi, na faɗi gaskiya.

Na ce, "Ɗan nan, haihuwar fari ina ake yin ta?"

"Ba aikina ba ne."

"Gidan iyaye ake yin ta. Iyayena na Ƙonni, tafiyar da jaki ke yi kafin hantsi. Na yi wankan jego, na dawo ɗakina. Ubansa da kakansa ga kabarinsu Illela, gonarsu na Lafani. Kwana arba'in sun cinye shekara ashirin da ɗaya?"

Muryata ta fito da babbansu, dattijo mai furfura. Ya saurara, ya ce shi ma 'yarsa na gida wanka yanzu haka. Ya ce akwai hanya: uwa ta yi rantsuwa gaban shaidu, ta faɗi sunan ɗan da na ubansa, a rubuta, ta dangwala.

Na ce, "Ga shi tsaye, ya faɗi da bakinsa."

Akawu ya ce, "Ke za ki faɗi. Ko ba ki san sunan ɗanki ba?"

Ku da kunka san ni, kun san tun da anka raɗa masa suna bai taɓa fita bakina ba. Ko mai sunansa na gamu da shi, "mai sunan yaro" nake cewa. Yaron ya sunkuyar da kai.

"Inna, bari. Na jira baɗi."

Baɗi! Wanda ya shekara biyu yana karatu da fitilar kwai har ya rame. Na dubi bango, na faɗi sunan, sau ɗaya. Akawu ya ce bai ji ba. Allah ya isa. Na sake faɗi, har na waje sunka ji. Na dangwala yatsa, dattijo ya buga hatimi, ya miƙo takardar sakamakon da hannu biyu.

Ƙarfe biyu na raka yaron tasha, zai kama hanyar garin da jami'ar take. Ya durƙusa zai yi magana, na ce ya tashi mota na cika. Na ba shi ƙullin kukar.

JUMMA'A: KOMOWA

Na bar Sakkwato bakwai na safe. Shingen nan bakwai suna nan, ba wanda ya taɓa ni, ko sun ga fuskata ne. Kafin a tafi masallaci ina ɗakina, shuɗin tawada bai bar yatsana ba.

Bayan kwana tara wasiƙa ta zo, an karɓe shi, har ya ga na'urar. Alhamdu lillahi. Na gode wa dattijon nan da mai masaukina. Akawu kuwa na bar shi da uwar da ta haife shi.

Hajara ta tsaya da biro, wai a sa sunan yaron don masu karatu su sani. Rufe littafinki. Sau biyu na faɗe shi, sun ishe ni har kabari.