Mai Rowar Rana Ta Sauka Daga Tsani

Kafin rana ta leƙo, kafin mai gadin ƙaramin asibitin unguwarmu ya gama miƙa, za ka ji tsani yana gogar bango. Goggo ce, mai kula da wutar sola ta asibitin. Bokiti a hannu, tsumma a kafaɗa, makullin ɗakin batir rataye a wuya da igiyar takalmi. Da sanyin safiya take wanke farantan solar da ke kan rufin, domin ta ce gilashin da ya ɗauki zafi in ya ji ruwan sanyi tsagewa yake yi. Tana goge kashin tantabaru tana yi musu tas, kamar masu jin magana. A cewarta, ɗigon kashi a kusurwar faranti guda yakan rage ƙarfin layin gaba ɗaya, tunda a jere aka haɗa su, wutar wannan ta cikin wancan take bi. In ta sauko sai ɗakin batir: ta taɓa kawunansu da bayan hannu ko akwai wanda ya yi zafi, ta duba ruwansu, sannan ta je ta kara kunne a jikin firijin magani.

A watan jiya gwiwoyinta suka ce sun gaji, ta ajiye aiki. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba, ko kujera ba a jera ba. To ni zan yi, kuma wanda bai ji daɗi ba ya kau da kai.

Na san ta ne ta dalilin 'yata. Tana ƙarama aka gano tana da ciwon suga, irin wanda sai da allura kullum, allurar kuma ba ta son zafi. Wutar layinmu baƙuwa ce, ta zo yau, sai kuma an ga hali. Don haka a firijin asibitin muke ajiye maganin, kusa da rigakafin jarirai. Ran da na fara kai shi na tambayi Goggo ko firijin nan yana mutuwa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ja ni ɗakin batir.

Ta ce, "Malam, zo ka gani da idonka, don kada ka kwana da zullumi. Mutane sun ɗauka zafin rana ke ba da wuta. Haske ne. Zafin ma gajiyar da faranti yake yi. Haske ya sauka a faranti ya zama wuta, ta gangaro ta wannan wayar. Ƙaramin akwatin nan shi ne mai gadi, shi ke auna abin da zai shiga batir da abin da zai fita. Batir kuwa randa ce, a cika da rana, a sha da dare. Amma randa ce mai hali. In aka saba kwashe ta har gindi, sai ta daina riƙe ruwa. Shi ya sa in wuta ta yi ƙasa, mai gadin ke yankewa. Kowa haushinsa yake ji, ni kuwa shi ne abokina."

Nan ne baƙin jininta ya samo asali. Kowa a layin yana da abin da yake so a ɗan jona masa. Wanda ya fi naci ƙaninta ne, ciki ɗaya, mai shagon aski a jikin katangar asibitin. A gabana ya tare ta.

"Yaya, 'yar siririyar waya ce fa. Injin aski me zai ci?"

"Yau injin aski, gobe fanka, jibi talabijin na masu jiran layi. Ni na goya ka, na san cikinka."

"Wai rana ta gidanku ce?"

"Gidanmu ɗaya da kai. Ka taɓa ganin ta a kayan gado? Rana ta kowa ce. Batirin nan na marasa lafiya ne."

Shi ya laƙaba mata Mai Rowar Rana, sunan ya bi ta har kasuwa. Abin da bai cika faɗa wa mutane ba shi ne, ita ta hau rufin shagonsa a ranar hutunta ta kafa masa nasa farantin, ta karkata shi yadda zai fuskanci rana kuma ruwan sama ya riƙa wanke shi. Har yau da shi yake aski, har yau kuma bai janye sunan ba.

Sai wata damina ta zo da mako na hadari. Sama ta rufe ruf, ruwa ya yi ta zuba, gadar da ake bi a shigo da mai ta nutse, janaretan asibitin ma ya daɗe da zama wurin shanya tsumma. Farantai suna samun haske, amma ɗan kaɗan, kamar famfo mai ɗiga. Goggo ta ga abin da ke shiga bai kai abin da ke fita ba. Ba ta jira akwatin nan mai gadin batir ya yanke komai gaba ɗaya ba. Ta kashe fankoki, ta kashe fitilun baranda da na ofis, ta zare duk wata waya da aka jona. Abu biyu ta bari: firiji da fitilar ɗakin haihuwa.

Ina wurin da hantsi, na zo karɓar allurar yarinya, sai ga shugaban kwamitin asibitin. Matarsa na kwance a ɗakin mata da zazzaɓi, ɗakin ya ɗau zafi, 'yan dubiya sun cika baranda da wayoyi matattu. Ba mugu ba ne, miji ne da ke kallon matarsa tana gumi. Amma ya zo da faɗa. Wani ya raɗa masa cewa akwai sauran wuta a batir, in aka tsallake akwatin nan aka jona kai tsaye, komai zai kama.

Ya ce, "Baiwar Allah, buɗe ɗakin nan ki jona."

Goggo ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofar. Ta ce, "Ranka ya daɗe, zai kama. Yau kowa zai sha iska, gobe ma wataƙila. Jibi batir ya mutu mutuwar da ba tashi, firiji ya ɗumama, duk abin da ke ciki ya zama ruwan banza. In ka san ranar da hadarin nan zai yaye, faɗa mini in buɗe."

"Ni ne shugaba a nan!"

"Ban musa ba. Ka kore ni in rana ta fito. Yau dai ina nan."

Ya yi ta kumfar baki, 'yan dubiya suna taya shi. Wata ta ce mace ce mara imani. Ina tsaye da 'yar kwalbar 'yata a tafin hannu, mai sanyi, kuma ba zan ɓoye ba, tsoro ne ya cika ni, domin in maganin nan ya lalace babu hanyar da wani zai shigo. Da hayaniya ta lafa, Goggo ta miƙa wa nas makullin ta ce ta riƙe da kyau, ta yanko kwali, ta shiga ɗakin mata ta zauna tana yi wa matar shugaban fifita har zazzaɓin ya sauka. Wannan ba labari aka ba ni ba.

Hadari ya ƙara kwanaki kafin ya yaye. Firiji bai ɗauke ba ko sau ɗaya. An haihu a ƙarƙashin fitilar nan cikin makon, 'yata ba ta tsallake allura ba. Sakamakon da Goggo ta samu shi ne dakatarwa, wai ta yi wa shugabanni tsaurin ido. Washegari da sassafe mai gadin asibitin ya ji tsani yana gogar bango. Ya ce, "Goggo, ba an dakatar da ke ba?" Ta ce, "Ni aka dakatar. Ka ji an dakatar da tantabaru?" Haka ta yi ta zuwa, har wata safiya nas ta rataya mata makullinta a wuya, kowa ya yi kamar bai gani ba. Haƙuri kuwa, har ta ajiye aiki babu wanda ya ba ta.

Ke ce, Goggo, kika yarda a ƙi ki don a rayu. Ke ce kika san cewa kafa faranti aikin yini ne, riƙe shi kuwa aikin shekaru. Mun ga wuraren da aka kafa irinsa da tafi da hotuna, kafin a je ko'ina batir ya kumbura, farantai sun zama inuwar awaki, a ce wai sola ƙarya ce. Ba ƙarya ba ce. Ba su sami mai rowa irinki ba ne. Mai Rowar Rana, da zagi aka raɗa miki sunan, ni da kirari nake kiran ki da shi.

Na gode. Mahaifiyar yarinyar ta gode. Allah ya huta gajiya, ya sassauta wa gwiwoyin nan. Ku kuma da aka damƙa wa makullin wani abu na jama'a, ko famfo ne, ko batir, ko ɗakin magani, ku koyi cewa a'a, ko da ɗan'uwanku ne ke roƙo, ko da mai iya korar ku ne ke tsawa. Za a zage ku. Ku jawo kujera ku zauna.

Shekaranjiya na raka 'yata asibitin. Yanzu ita ma uwa ce, ta kai jaririnta rigakafi, daga firijin nan aka ɗauko. Muna jira sai ta hango wani ya zare wayar firijin ya jona cajar wayarsa. Ta miƙo mini jaririn, ta je ta zare, ta mayar da ta firiji, ta ajiye masa kayansa a cinya.

Ya ce, "Ke kuma a wa?"

Ta ce, "Ni ce abin da rowar ta tara."