Abin da "Da Sauƙi" Ta Ci Mini

Na san na ɓace. Masu cewa na yi aure a ɓoye, na gode da kyakkyawan zato. Masu cewa Amurka ta sa ni girman kai, ku ma saƙonku ya iso. Zaryar asibiti nake.

Bari in fara da takarda, don a ƙasar nan takarda ce a gaba, mutum na biye. Da bizar aiki nake zaune a New York. Kamfanin da nake yi wa lissafi shi ne igiyar da ta ɗaure ni a nan. Ranar da ya sallame ni, sai haɗa kaya. Su ne kuma suka shigar mini da neman girin kad, katin zama na dindindin, aka ce in jira. Na yi shekaru ina jira, ko gida ban samu leƙawa ba, ina murmushi a taron ofis.

A cikin jiran al'adata ta rikice. Jini ya ƙi ɗaukewa yadda ya saba. Matattakalar tashar jirgin ƙasa ta Parkchester da nake hayewa a guje ta zame mini dutsen Dala. Na koma tauna ƙanƙara kamar gyaɗa.

Aka yi sikanin. Likita ta juyo mini da allon: ƙari ne a mahaifa, ba ɗaya ba. Ba ciwon daji ba ne. Ta ce a cire su yanzu, a bar mini mahaifar, in kwanta makonni.

Makonni. A lokacin da kamfani ke rage ma'aikata, ana kiran mutane ɗaki suna fitowa da kwali a hannu.

Na ce a ba ni magani tukuna.

Ga inda Hausa ta ci ni. Mu a gida, ko gargara mutum yake, aka ce masa "ya jiki?" zai ce "da sauƙi". Ba rahoto ba ne. Ladabi ne, addu'a ce, kuma mai tambayar ya sani, fuskarka yake dubawa. To duk sanda nas ta kira ni a waya ta tambayi jiki, sai bakina ya ɗauki "da sauƙi" ya juya ta Turanci. Ita kuma baiwar Allah ta rubuta: tana samun sauƙi. Ba ta ganin fuskata. Digiri biyu gare ni, ban kawo wannan a raina ba. Ko na kawo ma, kuskuren yana ba ni damar zuwa aiki.

A jirgin ƙasa na faɗi, da safe, da jakar kwamfuta a kafaɗa. Da na farfaɗo a asibiti, abin da na fara tambaya shi ne wa zai gaya wa manajana.

Aka yi ta ƙara mini jini. Anti Rabi, maƙwabciyata 'yar Kumasi, ta baro aikinta ta zo da kular abinci da faɗa.

"Ke 'yar Kano, haka ake yi? Bango ɗaya tsakaninmu, kullum lafiya lau, lafiya lau, ga ki nan fari fat kamar alawayyo. In kin mutu, wa zai riƙa raina mini tuwon banku yana cinyewa?"

Na yi dariya. Ita ta juya baya tana share ido da gefen mayafi.

Likitata ta shigo. Ta ce, "Ko'ina an rubuta kina samun sauƙi. Sauƙi a kan me?"



Kafin a shiga tiyata, ta gaya mini ƙarin ya girma sosai, in jini ya ƙi tsayawa za su zaɓi raina. Na sa hannu. Da na buɗe ido, sai na gan ta zaune a gefen gadona. Likitan garin nan ba ya zama sai in labarin ya yi nauyi.

An cire mahaifar.

Ban yi aure ba tukuna. Ban taɓa haihuwa ba. Na rubuta ne don kada kowa ya sha wahalar tambaya.

Jinyar ba ta da wani ado. Koyon tafiya a barandar asibiti, matashin kai a kan ciki in za a yi tari, takardun kuɗi masu sa hawan jini ko da inshora. Kamfani ya ba ni hutun jinya ba tare da ko ɗaga gira ba. Lauyar da na biya daga baya ta ce a nawa yanayin hutun ba ya shafar neman katin. Tun farko ba ya shafarsa.

Katin ya zo ina iya hawa bene da kaina. A akwatin wasiƙa na same shi, tsakanin tallan kanti da takardar wuta.

'Yan uwana mata masu jiran takarda: jinin da ya wuce ƙa'ida a kai shi asibiti. In likita ya tambayi jiki, ku faɗa masa abin da kuka gani, ku bar ladabi a bakin ƙofa. Ku tambayi lauyanku kafin tsoro ya yanke muku hukunci. Lauyan kamfani na kamfani ne.

Na gode wa Allah da ya bar ni. Na gode wa Anti Rabi, da baƙin da suka ba da jininsu ba su san ni ba.

Sai Umma. Da na kira Kano na ce kati ya fito, ta rangaɗa guɗa, ta ce saura miji da jikoki. Sai na gaya mata.

Ta ce, "Ke dai kina nan?"

Na ce ina nan, Umma.

Ta ce, "To ni ke na haifa. Tunda yanzu sun yarda ki fita ki dawo, taho in gan ki."