Makunni Biyu, Fitila Ɗaya

Kakata Hajjo ba ta taɓa zama a gidan da ke da lantarki ba. A ƙauyenmu na wajen Baure, hasken da muke da shi bayan sallar isha'i shi ne na murhun da aka sauke tuwo. Nan muke kewaye ta, tana tura karan dawa cikin wuta da yatsan ƙafa saboda ƙiwar sunkuyawa. Ni ne mai yawan katse ta da tambaya, shi ya sa kafin ta fara sai ta nuna ni da tsinken sakace.

"Kai mijin banza, yau in ka sa mini baki, gobe ka nemi wata matar."

Akwai tatsuniyar da na fi raina wa wayo a lokacin. Wata tsohuwa ce da 'ya'ya maza biyu da garken awaki. 'Ya'yan sun yi faɗa, ba sa ga maciji. Ƙyauren garken na kara ne, ana jan shi gabas ya rufe, a ja shi yamma ya buɗe. Wata rana babban ya zo da magariba ya ja ƙyaure ya rufe, bai gaya wa kowa ba. Can ƙaramin ya tuna da awakin uwarsu, ya fito cikin duhu yana sauri don kada ya haɗu da wansa, ya laluba, ya ja ƙyauren inda ya ga yana tafiya. Kowannensu ya kwanta yana ganin ya kyauta. Kura kuwa ta zo ta tarar da ƙofa a wangale.

Na ce, "To Kaka, wa ke da laifi?"

Ta ce, "Duk sun yi aiki, ɗan nema. Baki ne ba su buɗe ba."

Yanzu ni ke koyar da aikin lantarki a wata makarantar sakandare a Daura, kuma na gaji da aikin irin gajiyar da barci ba ya saukewa. Duk shekara ina ɗauko wani tsohon katako da na kafa wa makunnai da ƙwan fitila da batir, in nuna wa ɗalibai tushen yadda na'ura ke yanke hukunci. In aka jera makunni biyu a kan waya ɗaya, ƙwan ba zai kama ba sai an danna duka biyun. In aka ba kowanne tasa wayar, ko wanne aka danna ya wadatar. Sai na uku, wanda ake sa wa dogon lungu mai ƙofa biyu: mutum ɗaya ya danna wuta ta kama, wani ya danna na can gefen ta mutu. Rabin ajin hamma suke yi, ni ma wani lokaci ina taya su.

Irin na ukun nan na haɗa a gidanmu. Mahaifiyarmu, Inna, tana zaune a ɗakin tsakiya, sashena na dama da ita, na ƙanena Sani na hagu. Idanunta sun yi rauni, ga lungun da take bi zuwa banɗaki yana da tudu da kwari. Na sa ƙwai a lungun, makunni ɗaya a ƙofata, ɗaya a ƙofar Sani, don duk wanda ya fi kusa ya kunna mata. Lokacin muna shiri. Daga baya muka ɓata a kan kwatar da ruwan damina zai bi, magana ta yi tsami, har gaisuwa ta koma ɗaga hannu.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin wutarmu. Idan an ɗauke ta da yamma, kowa ya saba ya danna makunni ya bar shi, in an kawo ƙwai ya kama da kansa. Amma wannan makunnin, in babu wuta, ba ka iya sanin a kunne yake ko a kashe. Wata rana da aka ɗauke wuta, na danna nawa na tafi masallaci. Sani ma ya fito ya danna nasa. Aka kawo wuta, gida duk ya haska ban da lungun Inna. Ta taka gefen kwatar ta faɗi, ƙugunta ya bugu. Da muka ɗauke ta, ni na kama kafaɗu shi ya kama ƙafafu, ba wanda ya dubi wani. Wallahi muryar Hajjo kawai nake ji a kaina, kuma abin ya yi mini ciwo.

Da ta fara takawa da sanda, na ɗauko filaya da sukundireba na hau kujera a lungun. Tana zaune a bakin ƙofarta tana kallona.

"Me kuma za a kwance, Malam?"

"Canza shi zan yi, Inna. Kowa da wayarsa. Ko ni na danna, ko Sani, ko mu duka, wuta za ta kama."

Ta murza carbinta.

"Wato ba sai wani ya tambayi wani ba ke nan."

"Ba sai an tambaya ba."

"To," in ji ta. "Allah Ya yi albarka."

Na daɗe a kan kujerar nan da filaya a hannu. Na gane abin da take so, amma ƙashin tsohuwa ba zai jira sai mun shirya ba. Na yanke wayar na sake haɗawa.

Tun daga ranar lungun bai sake yin duhu ba in dai akwai wuta. Aikin ya yi kyau, har na kan ba ɗalibai misali da shi, ban dai faɗa musu gidan wa ba ne. Da magariba ina danna nawa, in ji ƙarar na Sani ta bayan katanga, ƙas. Iyakar abin da nake ji daga wajensa ke nan. Inna kuma takan fito da sandarta ta tsaya a tsakiyar hasken, ta dubi dama, ta dubi hagu, sannan ta wuce.