Yarinyar Da Ta Faɗi A Ajina

Na haura shekara ashirin ina koyarwa a wata firamare ta gwamnati a Samaru. Gidanmu yana Sabon Gari, wajen Chikaji, kullum da safe bas nake shiga, in sauka in ƙarasa da ƙafa. Yara da yawa sun wuce ta hannuna, wasu sukan tare ni a kasuwa su rusuna su gaishe ni, ban ma gane su ba. Amma akwai yarinya ɗaya da na kasa mantawa, kuma ba don wani alheri da na yi mata ba.

Aji huɗu nake riƙewa a shekarar. A farkon zango na biyu wata mata ta kawo 'yarta. Matar Kirista ce 'yar kudancin Kaduna, mijinta lebura ne a gona, suna haya a Bomo, ita kuma tana suyar ƙosai da doya da safe kusa da gidajen da ɗalibai ke kama ɗaki. Yarinyar ba za ta wuce shekara goma ba, siririya mai manyan idanu, da tabon ƙuna a bayan hannunta na hagu.

Ina cikin kiran suna uwar ta tsaya a ƙofar aji.

"Malama, don Allah in gan ki kaɗan."

Na fito da rajista a hannu. Ta rage murya.

"Yarinyan nan tana da farfaɗiya. Tana shan magani safe da yamma, yanzu ba ta cika faɗuwa ba. Amma in ya zo mata, ki kwantar da ita ta gefe, ki janye benci kar ta bugu. Kar a sa mata cokali a baki, kar a danne ta. Da kansa zai wuce."

"To Mama, ba komai," na ce. "Allah ya sawwaƙe."

Hankalina yana kan yaran da suka fara hawa benci suna ihu. Ban tambaye ta komai ba, ban faɗa wa hedimasta ba, na koma na ci gaba da kiran suna.

Yarinyar ba saliha ba ce, kar in yi mata ƙarya. Ga surutu, ga tsiwa, in wani ya yi kuskure a karatu sai ta gyara masa da ƙarfi tun kafin in buɗe baki. Cikin mako biyu ta yi ƙawaye, ta yi abokan faɗa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyangyaɗin da take yi da safe. Na sha buga bulala a kan teburinta, sau ɗaya ma na zuba mata biyu a tafin hannu. Ko kusa bai zo mini a rai ba cewa maganin ne yake sa ta barci.

Wata Laraba, bayan an dawo daga tara, ina rubuta lissafi a allo sai na ji wata irin ƙara a bayana. Ina juyowa na gan ta a ƙasa tsakanin benci biyu, jikinta yana jijjiga, kanta yana bugun ƙafar benci ta ƙarfe. Wata yarinya ta ƙwala ihu, "Farfaɗiya ce! Kar miyaunta ya taɓa ku!" Kafin in ce wani abu aji ya watse, wasu ta ƙofa, wasu ta taga.

Saura ni da ita.

Na yi kwalejin horar da malamai. An koya mana cewa ba a ɗaukar wannan ciwo, har a jarrabawa na rubuta hakan. Maganar uwarta ma ta dawo mini tiryan-tiryan. Amma abin da ya fi ƙarfi a lokacin shi ne hannun kakata, ranar da ta fizge ni daga wurin wani mutum da ya faɗi a kasuwa ina ƙarama. Ga jaririya 'yar wata huɗu na bari a gida, ina shayarwa. Sai na tattare mayafina na jingina da allo, alli yana hannuna, ina ta salati. Taku biyar ne tsakaninmu. Ban yi ko ɗaya ba.

Da abin ya lafa ta kwanta shiru, goshinta ya fashe, fitsari ya jiƙa mata riga. Wani malami ya leƙo ya yi addu'a daga bakin ƙofa, sannan ya hau babur ya tafi Bomo ya ɗauko uwar.

Ta shigo hannunta duk man suya. Ba ta kalli kowa ba. Ta kwance zanenta na sama ta rufe 'yar, ta ɗora kanta a cinya, tana yi mata magana a hankali da yarensu. Can ta ɗago.

"Malama, kin samu kin juya ta?"

"Na juya ta," na ce.

Ta dubi goshin, ta dubi bencin da yake nan inda yake. Ta ce, "To, na gode."

Kafin ƙarshen mako iyaye suka fara sintiri ofishin hedimasta. Wasu suka ce za su cire 'ya'yansu. Hedimastan namu dattijo ne da ya kusa ritaya, ba mugu ba ne, na sha ganinsa ya sayo alli daga aljihunsa. Ya kira ni ya ce, "Malama, ni na san ba a ɗauka. Amma ko akwatin magani ba mu da shi. In ta mutu a aji wa za a kama?" Na ce gaskiya ne, ranka ya daɗe.

Ya aika aka kira uwar, ina zaune a wurin. Ya ce a bar yarinya ta huta a gida tukuna.

"Har yaushe, Baba?"

"Har ta warke."

"Likita ya ce irin wannan lallaɓa shi ake yi. In na jira ta warke ba za ta yi karatu ba ke nan."

Sai ya ba ta shawarar ta gwada makarantun da aka yi wa yara masu lalura. Ta shiga mota har Kaduna. A can aka ce mata su kurame da makafi suke karɓa, 'yarta kuwa tana ji tana gani, ta mayar da ita makarantar kowa da kowa. Ta je ofishin ilimi sau uku. A na ukun wani jami'i ya ce mata babu wanda yake da ikon korar yaro saboda ciwo, ta koma kawai. Ta roƙi a rubuta mata hakan a takarda, aka ce ba sai an rubuta ba.

Da ta dawo da wannan magana hedimasta ya ce ai dama ba wanda ya kori kowa. Yarinya za ta iya dawowa, amma da sharaɗi. A kawo takardar likita, a ware mata wurin zama, kuma wani daga gida ya riƙa zama a makaranta har a tashi.

Mun ɗauka sharaɗin ƙarshe zai gagare ta. Ranar Litinin sai ga ta da takardar likita da 'yar kujerar tsugunno. Ta ajiye suyarta gaba ɗaya. Akwai bishiyar darbejiya daidai tagar ajina, nan ta kafa kujerar, tun daga taron safe har a kaɗa ƙararrawar tashi. Da farko malamai sukan tsaya su gaishe ta. Daga baya sai muka riƙa zagayawa ta bayan ofis. In na yi kiciɓis da ita nakan ce, "Sannu Mama," in ƙara sauri. In ina koyarwa ba na kallon wajen tagar.

Ni da kaina na ja benci na kai ƙarshen aji na ce yarinyar ta zauna ita kaɗai, a ajin da yara biyar suke matsuwa a benci ɗaya. Ba mai aron fensirinta, ba mai cin abinci da ita. Surutun nan ya mutu. Wani zai karanta kalma a karkace, in jira muryarta daga baya, in ji shiru. A lokacin har daɗi na ji, na ce aji ya samu lafiya.

A mako na shida ta sake faɗuwa. Kafin yara su kai ƙofa uwar ta riga ta shigo. Ta ture bencin da ƙafa, ta durƙusa, ta ce, "Malama, zo ki tallafe mini kan." Wannan karon na je. Na sa hannu biyu a ƙarƙashin kanta, na ji ɗumin jikinta da nauyin kan, ashe ɗan ƙarami ne. Miyau ya gangaro mini a yatsu. Uwar ta share bakin 'yar da tafin hannunta, ta ɗaga wa yaran da suke leƙe ta taga.

"Ku duba. Shekara bakwai ina share wannan miyau. Kun ga na faɗi?"

Wasu 'yan mata biyu suka shigo a hankali suka tsaya. Na sha tunanin cewa da a nan na miƙe na yi wa ajin bayani, da wataƙila abin ya canja. Ni ce malama, maganata za su ɗauka su kai gida. Amma da yarinyar ta farfaɗo sai na zame na nufi famfo a bayan aji. Na roƙi sabulu wurin mai sayar da awara, na wanke hannu sau uku har gwiwar hannu, na goge da ƙasa na sake wankewa. Ina ɗagowa na ga uwar tsaye a bayana da ɗankwali a hannu, ta zo jiƙawa. Ban san tun yaushe take wurin ba. Ta jira na matsa, ta jiƙa ɗankwalinta ta koma.

Iyaye suka sake tasowa. Hedimasta ya ce in rubuta rahoto a matsayina na malamar aji, don ya samu abin nunawa in an tambaye shi daga sama. Na zauna a ofishinsa na rubuta da Turanci mai kyau. Na ce ciwon yarinyar yana hana sauran yara karatu, tana barci a aji, ba ta shiga cikin 'yan'uwanta, makarantar ba ta da halin kula da irinta. Kowace jimla in ka ɗauke ta ita kaɗai gaskiya ce. Ban rubuta wanda ya ware ta ba, ban rubuta cewa ta fi kowa iya karatu ba. Na sa hannu.

Aka kira uwar aka miƙa mata. Ta riƙe takardar ta daɗe, sannan ta miƙo mini.

"Malama, karanta mini da Hausa."

Na fara fassarawa ina sassautawa. Na ce an rubuta cewa yarinya tana da ƙoƙari, sai dai makaranta tana tsoron kar wani abu ya same ta, ana ganin hutu zai fi mata.

Ta bari na gama. Ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu.

"Malama, na yi aji uku a sakandare kafin a yi mini aure. Na karanta abin da kika rubuta. So nake in ji ko za ki iya faɗa da bakinki."

Hedimasta ya shiga gyaran takardun da suke kan teburinsa. Ni kuwa na kasa ɗaga kai. Ta fita, ta kira 'yarta daga aji, ta ɗauki kujerarta. Washegari na mayar da bencin gaba, yara biyar suka haye. A rajista na rubuta cewa iyayenta ne suka cire ta.

Shekara tara ban sake ganinsu ba. Bara, ina dawowa daga makaranta, na shiga bas a Samaru, wata mata ta matsa mini wuri. Sai da na zauna na gane ta. Ta yi furfura a gefen kai, ta rame.

"Malama, ina wuni? Ya yara?"

Muka gaisa kamar ba komai. Mun kusa rabin hanya kafin in iya tambayar yarinyar. Ta ce tana nan. Sun gwada wata makarantar kuɗi, zango ɗaya suka iya, ba ta sake komawa aji ba. Wata mata a cocinsu ta koya mata saƙa da inji, yanzu rigunan sanyi na 'yan makaranta take saƙawa, zare ma za ta sayo mata a kasuwar Sabon Gari. Ciwon yakan zo jefi-jefi. Ita ce take karanta wa babanta Littafi Mai Tsarki tun da idonsa ya raunana.

Na ce, "Mama, ranar da ta fara faɗuwa ban juya ta ba. Ƙarya na yi miki."

"Na sani. Ita ma ta sani, yara sun faɗa mata."

"Don Allah ki yafe mini."

Kwandasta ya sauke wasu ya ɗauki wasu. Sannan ta ce, ba da faɗa ba, "Nawa na yafe tun tuni, Malama, ni ma ina neman gafarar Ubangiji. Amma ba ni ce na zauna a ajinki ba. Ba zan yafe a madadinta ba."

Ta kwatanta mini gidan, ta ce har yanzu suna Bomo, kusa da wani injin niƙa, kullum yarinyar tana gida in ba Lahadi ba. Ta sauka a bakin kasuwa.

Sau biyu na shirya zuwa. Na farko aka yi mana rasuwa. Na biyu na hau babur har na hango injin niƙan, sai na ce wa mai babur ɗin na yi mantuwa, ya juya da ni. Na faɗa wa maigidana labarin gaba ɗaya, abin da ban taɓa yi ba, ya ce in sa rana zai raka ni. Har yau ban sa ranar ba.