Kafaɗar Kakana

Makon jiya na shiga wani shagon kayan adon ɗaki a Doka ina neman agogon bango, sai idona ya faɗa kan wani hoto cikin gilashi. Ruwa ake tsugawa a karkace, wasu mutane sanye da malfa sun sunkuyar da kai suna hawan tudu, biyu daga cikinsu ɗauke da wani a cikin abin da aka rataya a sanda. Mai shagon ya ce na Japan ne, yanzu shi manya ke yayi. Hannuna na hagu na kama, daidai inda ya ɗan karkace, na fita ban sayi agogon ba.

Na san irin hotunan nan tun ina 'yar shekara tara. Gidanmu a Unguwar Dosa yake, lokacin da bayan katangarmu duk masara ce da rogo. Babana direba ne a wata masaƙa ta tsallaken kogi, shi ke tuƙa wani injiniya ɗan Japan, kuma mutumin ne ya ba shi kalanda a ƙarshen shekara. Kowane wata da hotonsa. Baba kuwa mutum ne da in ya ji abu sau ɗaya ya zama malaminsa, don haka ya zaunar da mu ya yi mana bayani. Wai tsohuwar hanya ce tsakanin manyan biranensu biyu, zango hamsin da 'yan kai, kowane zango an yi masa hoto. Wai a katako ake sassaƙawa, a shafa launi, a danna takarda a kai, kowane launi da katakonsa.

Mu dai ba ruwanmu da katako. Mutanen ciki muke kallo, muna ba su sunayen 'yan unguwa. Ga mai talla, ga mai jan doki, ga wasu mata suna finciko matafiyi ya kwana a masaukinsu, ga wani iska ta ɗauke masa malfa yana binta da gudu. A ɗakin Baba aka rataye kalandar, shi ya sa kakana bai taɓa ganinta ba. Ina tsoho zai shiga ɗakin da surukarsa ke shiga?

Mahaifin Baba ne. Daga wani ƙauye na ƙasar Katsina aka dawo da shi wurinmu bayan rasuwar kakata. Dogo ne, magana ba ta dame shi ba, yini yake a zaure yana tufkar igiya. Ni ce amaryarsa, irin wasan kaka da jika. In sace masa goro, in cire masa hula in gudu, in ce ya tsufa ya ba ni takardata, shi kuma ya ce wa zai kwashi mai kan kwakwa in ba shi ba. Duk rashin kunyar da zan yi masa halal ce, har Innata takan ce shi ya lalata ni. A kafaɗarsa ta dama akwai wani ƙullutu baƙi mai tauri, muna ce masa tozo. In na kai hannu wurin yakan ɗauke hannun a hankali ya sako wata hira. Ban taɓa tambayarsa mafarinsa ba.

Hoton watan Agusta shi ya ja mana. Kogi ne faffaɗa babu gada, ƙarti daga su sai bante suna ƙetarar da matafiya, wasu a wuya, wani ƙaton mai tumbi kuma ya harɗe a kan wani dandamali da aka tallabe a kafaɗu. Wata Asabar da hantsi aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tsakar gidanmu ta cika har idon sawu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya gauraye ko'ina. Na ce da yayana da ɗan maƙwabcinmu ga kogi ya samu. Muka sauke gorar shanya, muka ɗaure zanen Inna a jiki, na shige ciki na miƙe ƙafa, suka saɓa a kafaɗa. Na karyo tsumagiyar dalbejiya ina tsula musu ina cewa su yi sauri kada su jiƙa ni. A hoton babu bulala. Ni na ƙara ta, don tun ina ƙarama ina son mulki.

Muna cikin haka kakana ya shigo zai zagaya. Ya tsaya cak cikin ruwan. Ni kuwa da na ga angona sai baki ya buɗe. Na ce masa ya zo ya karɓi yayana ya gaji, ai wannan tozon nasa don ɗaukar kaya aka yi shi. Na miƙa tsumagiyar na ɗan tsula masa a kafaɗar.

Ban san tsohon nan yana da sauran ƙarfi ba. Fizga ɗaya ya yi wa gorar, yaran suka watse, na faɗo a kan bakin turmi. Na ji hannuna ya yi ƙas kamar busasshen kara. Kafin in sami numfashin kuka ya zare gorar daga zanen ya ɗaga ta sama da hannu biyu.

"Sauka! Sauka ka taka da ƙafarka, la'ananne!"

Idonsa ja wur, yana kallona amma ba ni yake gani ba. Dukan farko ya sami turmin, gorar ta tsage. Na biyu yayana ya faɗo kaina ya tare, ta same shi a tsakar ka. Jini ya ɓalle ya rufe masa fuska, yana ɗiga a bakina, ruwan da muke kwance ciki ya koma ja. Na uku ya sauka a bayansa. Inna ta fito daga madafa da muciya a hannu tana kururuwa, tana zagaye mu, ta kasa taɓa surukinta. Har yau ina jin ƙarar tsagaggiyar gorar nan a iska.

Baba yana waje yana goge motar. Ya shigo da gudu ya rungumo tsohon ta baya. Tsohon ya yi ta fizga, ya kai masa gwiwar hannu a baki har haƙori ya fita. Ban sani ba ko jinin 'ya'yansa ne ya rufe wa Baba ido, ko santsi ne. Abin da na gani shi ne ya ɗaga mahaifinsa ya maka shi da ƙasa. Hula ta yi gefe tana yawo a kan ruwa. Maƙwabta sun riga sun cika zaure, wasu a kan katanga, kowa ya gani.

Mutumin da ko ido ba ya haɗawa da ubansa, yau ya kai bayansa ƙasa a gaban jama'a. Baba ya durƙusa cikin taɓo ya kama ƙafafunsa. Tsohon ya janye su, ya tashi da kansa, ya ɗauki hularsa ya matse.

"Ka kada ni. To, ya yi."

Da la'asar Gwaggo, yayar Baba, ta zo daga Kinkinau. Mai ɗori yana jan hannuna ina ihu, yayana kwance da ɗinki bakwai a ka, ita kuma tana ba Inna labarin da ba a taɓa ba mu ba. Kakana yana saurayi aka kama shi da wansa aikin tilas, ɗaukar Bature mai rangadi a cikin raga da aka rataya a gora, daga zango zuwa zango. Wata damina suna ƙetare rafi, wan nasa yana gaba, ƙafarsa ta zame, Baturen ya jiƙe. A bakin rafin aka ɗaure wan a kututture, dogari ya yi ta zuba masa bulala har ya daina motsi, aka sa ƙanen ya riƙe masa ƙafafu. Sannan aka ce su tashi su ci gaba da ɗauka. A zango na biyu wan ya cika, aka turbuɗe shi a gefen hanya, kakana ya saɓa gorar da wani suka wuce. Gwaggo ta ce tun tana yarinya ba a wasan doki a gabansa.

Washegari kakana ya ɗaure kayansa a buhu zai koma ƙauye. Baba ya buɗe masa mota yana hawaye, ya ƙi ko kallonta.

"Ni na ɗauki baƙin nan bisa kafaɗa, kai kana ɗaukarsu cikin mota. Tai ka ɗauki ubangidanka."

Da ƙafa ya tafi tasha. A ranar Baba ya cusa kalandar a murhu.

Daga nan Baba bai sake zama daidai ba. Abu ɗaya yake nema a duniya, ya ji mahaifinsa ya ce ya yafe, ya sa masa albarka. Duk ƙarshen wata yana hanyar ƙauye da sukari da sabulu, ya tsuguna a ƙofar bukka. Tsohon ya amsa gaisuwa, ya tambayi gajiya, shi ke nan. An tura limamin ƙauyen, an tura tsofaffi, ya ce shi bai ce kowa ya yi masa laifi ba. Baba ya rame. Taya ta fashe, bakin uba ne. Zazzaɓi ya kama ƙanina, bakin uba ne. Ni kuwa ɗorin bai zauna daidai ba, yara a makaranta suna ce mini mai hannun lauje, na ƙullaci tsohon ƙullatar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Shekara ɗaya da 'yan watanni ana haka, bayan an yanke gero, aka aiko jikinsa ya yi tsanani. Muka tafi duka gidan. Ya ce ba ya son ganin kowa sai amaryarsa. A bakin bukkar Baba ya durƙusa har kansa ya zo daidai nawa.

"Uwata, yana jin maganarki. Ki roƙar mini shi."

Ciki duhu, warin hayaƙi da man zafi. Ya lalubo hannuna ya bi karkacewar da yatsa, sai na ji ɗumin hawayensa a fatata.

"Amarya, ki yafe mani."

Na juya fuskata bango. Ya sake faɗa, ya kuma sake. Na zare hannuna na fito. Ban ce na yafe ba, ban kuma ambaci Baba ba, don zuciya ta hana ni buɗe baki.

Baba yana nan inda na bar shi. Da na ga idonsa tsoro ya kama ni, na ce masa tsohon ya ce ya yafe masa duniya da lahira, Allah ya yi masa albarka. Baba ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar yaro. Kafin magariba bakin tsohon ya rufe, bayan kwana biyu ya rasu. Yayana ya ce mini tun daga gida har maƙabarta Baba bai bar kowa ya karɓe shi a makara ba, sai da kafaɗarsa ta saɓule.

Yanzu gonakin bayan gidanmu sun zama benaye, tsakar gidan an shafe ta da siminti, ruwa ba ya kwanciya. Jikokina kan sa wa ubansu tsawa a kan waya, ya yi dariya, albarka kuma ta zama abin da ake cewa in an miƙo maka ruwa. Wani lokaci nakan ce su suka huta. Baba ya haura tamanin, yakan manta ya ci abinci, yakan kira ni da sunan Gwaggo, amma wannan bai manta ba. In muka keɓe sai ya ce in sake faɗa masa yadda tsohon ya ce. Na yafe wa kakana tuntuni, na faɗa a kan sallaya ya fi a ƙirga, sai dai wanda ya roƙa ba ya nan balle ya ji.

Jiya ma Baba ya tambaye ni. Na gyara masa matashi, na sake faɗa masa.