Kawu Kyari da Kwasakwasan Fadama

Duk wanda ya zauna a Gwange ya san Kawu Kyari mai hoto ba ya ɗaukar tsuntsu sai ya yi masa sallama. Zai tsaya a bakin ruwa da tsohuwar kyamararsa a wuya, ya gyara hula, ya ce, "Salamu alaikum, masu gida." Daga nan sai ya karkata kunne. In sun amsa ya kama aiki, in ba su amsa ba ya juya gida. Yadda yake jin amsar kuwa, shi kaɗai ya sani.

Yayan mahaifiyata ne. Ni Modu, da yake ina tuƙa keke mai ƙafa uku, ni ne nake kai shi fadamar da ke gaba da Dusuman duk bazara. Lokacin ne ruwa yake janyewa, kifi ya taru a 'yan kududdufai, tsuntsaye su sauka a kai: zalɓe, dinya, jinjimi, da kwasakwasa, manyan fararen nan masu jaka a ƙarƙashin baki. Su ne mutanensa.

Wata safiya muka isa rana ba ta gama fitowa ba, muka tarar da kwasakwasa sun rufe ruwan kamar an shanya farin yadi. Ban taɓa ganin yawansu haka ba. Abin da ya dame ni shi ne shirun. Ba mai kamun kifi, ba mai gyaran fiffike, duk sun sunkuyar da kai. Kawu ya yi sallamarsa, ya saurara, ya mayar da murfin kyamara.

"Tayar da keken, Modu."

"Kawu, yanzu fa muka zo. Shekara guda kana jiran wannan."

"Ba su amsa ba. Zaman makoki suke yi."

Na yi ta dariya a hanya, ina tambayarsa ko za mu dawo ranar sadakar uku. Bai kula ni ba. Muna shiga layinmu na ga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar Ba Goni mai shayi, wanda ya ɗaga mana hannu da asubar nan yana hura wuta. Wai yana zuba wa wani shayi ya zauna, shi ke nan, rai ya yi halinsa. Na zauna a keken ina kallon tabarmin. Kawu ya sauka abinsa, ya leƙo ya ce, "Ka ga da na ɗauke su, da na yi rashin ta ido."

Shekara talatin yana da shagon hoto a bakin titi. Rabin hotunan auren unguwarmu shi ya ɗauka. Rana ɗaya ya rufe, ya ce ya gama da 'yan Adam, wai mutum yana ganin kyamara sai ya ari fuskar wani ya saka. Da aurena na roƙe shi har ya yarda ya zo. Bayan sati ya kawo mini ambulan. Hoto ashirin na wata balbela a kan katangar gidan biki, a guda ɗaya ne rabin hulata ya fito. Matarsa ma, Inna Falmata, da ta nemi ɗan hoton da ake liƙawa a takarda, cewa ya yi ta je shagon Oga Emeka.

"Da kyamara a gidana zan je wajen wani?"

"Zalɓe yana tsaya mini awa guda bai motsa ba. Ke kuma bakinki ma ba ya tsayawa."

Oga Emeka ɗin nan Inyamuri ne mai shagon hoto a kasuwa, ya fi ni daɗewa a Maiduguri. Saboda Kawu kaɗai yake sa a kawo masa fim daga Legas, don Kawu ya rantse ba zai taɓa hoton waya ba. Shi yake wanke masa, in wani hoton ya burge shi ya rataya a shago.

A nan wata mata ta ga wani hoton Kawu. Ya Hauwa sunanta, tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Baga Road. Mijinta masunci ne, ya shiga tafki ta wajen Baga a shekarun tashin hankali bai dawo ba, ba a kuma ga gawarsa ba. Ina shagon ranar, ni da Kawu. Ta shigo yin hoton takarda, sai ta tsaya cak a gaban bango. Kwasakwasa ne guda ɗaya, ya ware daga sauran, ya karkatar da kai hagu, kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya sauka.

Ta ce, "Wannan tsayuwar Malam ce. Haka yake tsayawa a bakin jirgi in yana duban ruwa."

Emeka ya ce, "Madam, tsuntsu ne fa."

Ba ta ko dube shi ba. Ta juya wajen Kawu. "Baba, a ina ka gan shi?"

"Astagfirullah, 'yata. Tsuntsu ne, mamaci yana wajen Ubangijinsa." Kawu ya sake duban hoton. "Amma daga wajen Baga ya zo, wannan kam."

"Lafiyarsa ƙalau?"

"Ƙalau. Kifi yake ci har ya bari."

Sai ta yi dariya, hawaye na zuba. Kawu, mutumin da ko ambulan sai ka dawo masa da ita, ya sa hannu ya ciro hoton har da firam ya miƙa mata. Da muka fito na ce, "Kawu, ya aka yi ka san daga Baga ya zo?" Ya ce, "Kai ba ka jin Barbarcin bakin tafki in an yi?" Ban sake tambaya ba.

Bazarar da ta wuce jikinsa ya yi rauni, likita ya hana shi shiga rana. Inna Falmata ta kira ni ta ce in na sake kai shi fadama ba ni ba ita. Ta ɓoye takalmansa. Ya zo wajena da silifas ɗinta a ƙafa.

"Kwana uku suka rage musu su tashi, Modu."

"Kawu, ka yi haƙuri. Baɗi in sha Allah."

Ya dube ni ya ce, "To." Wannan ce maganarmu ta ƙarshe, kuma har yau tana ci na. Washegari ya tari keken wani ya tafi shi kaɗai.

Manoman albasa ne suka same shi da hantsi, zaune ya jingina da kututture, kyamara a cinya. Sun ce tsuntsayen sun fito daga ruwa sun tsaya kewaye da shi, ba su tashi ba sai da aka ɗaga shi. Sun kuma ce sawun silifas ɗin da ke ƙafarsa kaɗai ne a taɓon.

Bayan sadakar bakwai na kai wa Emeka fim ɗin da ke cikin kyamarar. Bayan kwana biyu ya kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ya ce in zo da kaina. Ya jera hotunan a kan tebur. A na farkon tsuntsayen suna nesa. A hankali suna matsowa, hoto bayan hoto, kuma ba kyamarar suke kallo ba, wani abu suke kallo a damansa. Na ƙarshen ƙasa ce kawai, da alama hannunsa ya sauka. Rana tana bayansa, inuwarsa ta miƙe a kan taɓo, ga hular nan, ga kafaɗun. Kusa da ita akwai wata inuwar, ta wani dogo a tsaye.

Emeka ya ce, "Wataƙila fim ɗin ne ya lalace." Ya faɗa ne yana shafa sarƙar wuyansa.

Na yi kwana uku da hoton a aljihu ina tunanin ko in ƙona shi. Daga ƙarshe na kai wa Inna Falmata. Ta sa tabarau, ta daɗe tana duba.

"Wannan wane ne a gefensa?"

"Ban sani ba, Inna."

"Ko wane ne, ya fi ni haƙuri, tun da ya iya tsayawa da shi a ranar nan." Ta cire tabarau ta goge ido da gefen mayafi. "Ni abin da yake hana ni barci, ina cewa shi kaɗai ya cika, ba mai tuna masa kalmar shahada. Ashe da wani."

Ta sa hoton a cikin akwatinta, ƙarƙashin kayan da ta ajiye na likkafani.

Allah Ya jiƙan Kawu Kyari, Ya yafe masa, Ya yafe mini ranar da na ce masa baɗi. Allah Ya sa mai tsayuwar nan da rahama aka aiko shi.